Rana a Tsakar Gida: Bitamin D, Mai Ciki da Halin Yaro

Ranar wata Laraba, bayan mun gama zubi an rufe akwati, wata 'yar ƙungiyarmu ta ɗaga hannu ta ce tana neman rance. Cikinta wata biyar a lokacin. Da ma'aji ta tambaye ta abin da za ta yi da kuɗin, sai ta ciro waya ta kunna mana wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai maganar yana cewa wai Turawa sun gano asalin ƙiriniyar yara: duk matar da ba ta sha bitamin D da ciki ba, ɗanta zai fito marar ji, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ɗaukar karatu. A ƙarshe ya ba da lambar da za a kira a sayi wata kwalbar ƙwayoyi 'yar waje. Kuɗin kwalba ɗaya ya kusa zubinta na wata uku.

Ta dube ni ta ce: "Yaya, kin dai san ɗana na fari. Sau biyu ana koro shi daga makaranta. Tun da na ji wannan saƙo ban yi barcin kirki ba. Ashe ni na cuce shi tun yana ciki. Ba na so in cuci wannan ma."

Wuri ya yi tsit. A cikinmu akwai masu ciki uku, akwai masu goyo, kuma kusan kowace tana da yaron da ya taɓa sa ta kuka. Na roƙe ta ta ba mu mako guda kafin a yanke maganar rancen. A cikin makon na je wurin nas ɗin da ke yi mana awo, na kuma zauna da masu horar da mu kan kiwon lafiya, muka bi maganar tiryan-tiryan. Abin da na kawo wa ƙungiya a Larabar da ta biyo baya shi ne na rubuta a nan, domin na san wannan saƙo ko irinsa zai iso ƙungiyarku, in ma bai riga ya iso ba.

Mene ne bitamin D?

Yawancin bitamin daga abinci muke samun su. Shi bitamin D dabam yake, domin jiki ne ke haɗa mafi yawansa da kansa. Idan hasken rana ya taɓa fatar mutum kai tsaye, fatar tana ƙera shi. Daga nan jini ya kai shi hanta, hanta ta sarrafa shi, sannan ƙoda ta ƙarasa shi ya zama mai aiki.

Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam daga abinci. Kalsiyam shi ne tubalin ƙashi da haƙori. Ko mace ta sha nono ta ƙoshi, idan bitamin D ya yi ƙaranci a jikinta, kaɗan daga kalsiyam ɗin ne zai shiga jini, sauran ya wuce.

Jaririn da ke ciki ba ya ganin rana. Duk bitamin D ɗin da yake samu daga jinin uwarsa yake ratsowa ta mabiyiya. Idan na uwa ya wadata, jariri zai fito da guzurinsa. Idan na uwa ya yi ƙasa, shi ma haka zai fito. Nonon uwa kuma, duk da babu abincin da ya kai shi ga jariri, bitamin D ɗin da ke cikinsa kaɗan ne. Shi ya sa abin da uwa ta tara lokacin goyon ciki yake da muhimmanci.

Ga rana har ta ishe mu, ta yaya za mu rasa shi?

Wannan ce tambayar da shugabarmu ta fara yi, tana dariya. Ni ma haka na ɗauka da farko. Amma a shekarar 2020 an wallafa wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka da dama, ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 3 ba shi da isasshen bitamin D. Ƙarancin ya fi yawa ga mata, da jarirai sabbin haihuwa, da mazauna birni.

Dalilan ba su da wuyar ganewa idan muka dubi rayuwarmu.

Na farko, baƙar fata tana kare mu daga ƙunar rana, amma tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana fiye da farar fata kafin ta haɗa bitamin D daidai gwargwado.

Na biyu, sai hasken ya taɓa fata. Ba ya aiki ta cikin tufa, ba ya aiki ta gilashin taga. Matar da ta fita kasuwa da hijabi har ƙasa da safa ta sha zafin rana, amma fatarta ba ta ga rana ba.

Na uku, gidajenmu sun canja. Iyayenmu mata a tsakar gida suke wuni: daka, surfe, wanki, shanya, ɗaura zani a ƙirji ana aiki. Yanzu da yawanmu muna ɗakin haya ne, ko gidan da aka rufe tsakar gidansa da kwano, ko gidan bene. Ga laulayi ya kwantar da mace a ɗaka watannin farko, ga nauyin ciki a watannin ƙarshe, ga kwana 40 na jego. Mace tana iya shafe watanni rana ba ta taɓa damtsenta ba.

Na huɗu, lokacin hunturu hazo yana tare wani kaso na hasken, mu kuma muna ƙara lulluɓa saboda sanyi.

Abin da ya tabbata: ƙashi

Kafin mu zo kan halin yaro, ga abin da likitoci ba sa jayayya a kai. Idan ƙarancin bitamin D ya yi tsanani, ƙashi yana yin laushi. Ga uwa, yana zuwa da ciwon ƙugu da baya, da kasalar cinyoyi, har tashi daga zaune ya zama aiki. Ga jariri, kalsiyam na jininsa yana iya faɗuwa har ya yi jijjiga a makonnin farko. Ga yaro mai tasowa, ƙafafu su lanƙwashe, ko su yi baka ko su yi gwame, wuyan hannu ya kumbura, tafiya ta yi jinkiri.

A nan akwai darasi daga gida. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos an yi gwaji kan yara 123 masu wannan laushin ƙashi, aka wallafa sakamakon a 1999. Yaran da aka ba kalsiyam, ko shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Wato a wurinmu, sau da yawa kalsiyam ne ya yi ƙaranci a cikin tukunya. Tuwon masara da kunu ba nono ba su isa gina ƙashi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, maganar halin yaro fa?

Saƙon muryar nan ba daga iska ya ɗauko maganarsa ba, ruwa ba ya tsami banza. Masana sun gano cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai wuraren da bitamin D ke kamawa ya yi aiki. A gwajin da aka yi da ɓeraye, idan aka hana uwa bitamin D lokacin ciki, ƙwaƙwalwar 'ya'yanta tana tasowa da wasu canje-canje. Wannan ya sa aka fara bin mata masu ciki: a auna jininsu, a jira yaran su girma, a duba halinsu. Ga abin da aka samu a wurare huɗu.

A birnin Perth na ƙasar Ostareliya an auna jinin mata 743 suna da cikin mako 18, aka bi 'ya'yansu har suka kai shekara 17. Rahoton da ya fito a 2012 bai sami wata alaƙa tsakanin bitamin D na uwa da matsalar hali ba. Abin da ya samu shi ne yaran da iyayensu suka fi ƙaranci sun fi fuskantar matsalar harshe da fahimtar magana a shekara 5 da 10.

A ƙasar Sifen, wani binciken da aka wallafa a 2015 ya ga cewa inda bitamin D na uwa ya fi yawa, alamun rawar kai da rashin natsuwa sun ɗan ragu ga yara 'yan shekara 4 zuwa 5.

A ƙasar Finlan, inda rana ke wuyar gani a lokacin sanyi, an ɗauki yara 1,067 da aka haifa a 1998 da 1999 waɗanda likitoci suka tabbatar suna da larurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, wadda ake kira ADHD. Aka kwatanta su da yara 1,067 da ba su da ita. Da aka duba jinin iyayensu da aka adana tun farkon ciki, sai aka ga larurar ta fi yawa ga 'ya'yan matan da suka fi ƙarancin bitamin D.

A Amurka, a 2023, wani bincike da ya haɗa mata daga jihohi daban-daban ya ga cewa 'ya'yan matan da bitamin D ɗinsu ya fi yawa sun ɗan fi sauƙin hali tsakanin shekara 6 zuwa 13, wato faɗa da rashin ji sun ɗan ragu. Bambancin ƙarami ne, irin wanda sai an tara yara da yawa an yi lissafi ake ganinsa. Binciken ya kuma nuna cewa ƙarancin ya fi yawa ga mata baƙar fata.

Kun ga ke nan, wasu sun ga alaƙa, wasu ba su gani ba. Inda aka gani ma, babu wanda ya ce duk matar da ke da ƙaranci za ta haifi yaro marar ji. Mafi yawan 'ya'yan matan da ke da ƙarancin lafiyarsu ƙalau suka taso. Haka kuma akwai matan da jininsu ya cika da bitamin D, suka haifi yara masu ƙiriniya.

Shamuwa da damina

A nan ne wata dattijuwa a cikinmu ta ce: "'Yata, ni fa kin ruɗa ni. In an ga alaƙa, ai shi ke nan, shi ya jawo."

Na ce: "Inna, idan kika ga shamuwa ta sauka a kan bishiya, me kike cewa?"

Ta ce: "Damina ta kusa."

Na ce: "To, in muka kamo shamuwa muka kawo ta garin nan a tsakiyar rani, za a yi ruwa?"

Kowa ya fashe da dariya. Shamuwa da damina tare suke zuwa, amma ba ita ke kawo ruwan ba. Haka abin yake iya zama a nan. Matar da bitamin D ɗinta ya yi ƙasa, sau da yawa ita ce wadda ciwo ya kwantar a ɗaka, ko wadda ba ta samun kifi da ƙwai saboda babu, ko wadda damuwa ta hana ta fita, ko mai zaune a matsattsen gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya shafar yaro ta hanyarsa. Masu bincike suna ƙoƙarin ware waɗannan abubuwa a lissafinsu, amma ba a iya ware su duka.

Hanyar da ake bi a gane ko shamuwa ce ko ruwan ne ita ce gwaji: a raba mata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu ƙari, a bar wasu a kan ma'aunin da aka saba, sannan a jira a gani. An yi irin wannan a ƙasar Denmak da mata 623. Daga mako na 24 na ciki, kashi ɗaya suna shan ma'auni 2,800 a kullum, ɗaya kashin suna shan 400, wato ninki 7 ke nan tsakaninsu. A cikin shekara 6 na farkon rayuwar yaran aka riƙa duba tafiyarsu, maganarsu, fahimtarsu da halinsu, ba a ga wani bambancin kirki ba. Da suka kai shekara 10 aka sake dubawa, ƙarin bai rage larurar rashin natsuwa ba.

Adalci shi ne in faɗa muku iyakar wannan gwaji. Yawancin matan da ke cikinsa ba masu tsananin ƙaranci ba ne, kuma an fara ba su ne bayan ciki ya wuce rabi. Saboda haka bai ce ƙaranci ba komai ba ne. Abin da ya nuna shi ne: loda wa mace ƙwaya fiye da buƙatarta ba ya sayo mata yaro mai ladabi.

Ƙwaya: wa ya kamata ta sha?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na awon ciki na 2016, da kuma gyaran da ta yi a 2020, ba ta ce a ba kowace mai ciki ƙwayar bitamin D ba. Ta ce a sanar da mata cewa hasken rana shi ne babbar hanyar samunsa, a kuma ba da ƙwaya ga wadda aka tabbatar tana da ƙaranci. A Birtaniya, inda rana ke ƙaranci, ana shawartar masu ciki su sha ma'auni 400 a kullum. A Amurka an ƙiyasta buƙatar mai ciki a kan 600 a kullum, aka kuma sa iyaka cewa kada a wuce 4,000 sai da umarnin likita.

Wannan ma'auni shi ne za ku ga an rubuta IU a jikin kwalba. Ku koyi duba shi. Akwai ƙwayoyin da ake sayarwa masu 50,000 a ƙwaya ɗaya. Waɗannan magani ne da likita ke rubuta wa mai tsananin ƙaranci na ɗan lokaci, ba abin haɗiya kullum ba ne. Bitamin D ba ya fita da fitsari yadda wasu bitamin ke fita, taruwa yake a jiki. Idan ya yi yawa, kalsiyam ya hau a jini, sai amai, ƙishirwa, yawan fitsari, har ƙoda ta taɓu. Rana kuwa ba ta yi wa mutum wannan, domin idan fata ta haɗa abin da ya isa, tana dakatawa da kanta.

Wani abin lura: a wasu asibitoci yanzu ana ba masu ciki ƙwaya guda mai haɗe da sinadarai 15, kuma akwai bitamin D ma'auni 200 a cikinta. Ki tambayi nas abin da ke cikin maganin da aka ba ki kafin ki sayi wani ki ƙara. Man hantar kifi da ake sayarwa a kwalba kuma, mai ciki ta bar shi, domin bitamin A ɗin da ke cikinsa yana da yawa, kuma yawansa yana iya cutar da jariri. Saboda wannan dalili ne ma ake cewa mai ciki ta rage cin hanta.

Idan kina fama da ciwon ƙashi da kasalar cinyoyi, ko kin san wata da watanni ba kya shiga rana, ko kin taɓa haihuwar yaron da ƙafarsa ta lanƙwashe, ki faɗa a wurin awo. Akwai gwajin jini da ke nuna matsayin bitamin D, kuma likita ne zai ce ko kina buƙatarsa da kuma nawa za ki sha.

Abin da za mu iya yi ba sai da rance ba

Rana. Ki mai da wani aikinki na kullum tsakar gida ko bayan ɗaki, inda babu idon baƙo: wanke-wanke, shanya, tsintar shinkafa, tsifar kai. Ki bar damatsa da ƙwauri a buɗe. Wannan bai taɓa suturarki ta fita ba, a cikin gidanki kike. Ranar sassafe tana da daɗi amma ba ta da ƙarfin haɗa bitamin D sosai. Ki duba inuwarki: idan hantsi ya ɗaga har inuwarki ta kusa tsawonki ko ta gaza shi, hasken ya yi ƙarfin da ake so. Tsawon lokacin da za ki gama wanke-wanke da shanya, a yawancin ranakun mako, ya fi wuni guda a rana sau ɗaya a wata. Ki ajiye ruwan sha kusa. Da kin ji jiri ko zafi ya dame ki, ki koma inuwa, musamman a bazara. Idan gidanki ba shi da fili, ki nemi 'yar ƙungiya mai tsakar gida ku riƙa aikin hannu tare. Jariri sabon haihuwa kuwa ba a shanya shi a rana. In kika ga idonsa ko jikinsa ya yi rawaya, asibiti za ki kai shi a ranar.

Abinci mai bitamin D. Ba su da yawa: kifi mai maiƙo irin su titus da shawa da sadin na gwangwani, sai gwaiduwar ƙwai, sai madarar gari da bota waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa an ƙara musu bitamin D. A wasu gidaje ana hana mai ciki cin ƙwai. Babu wata illa da dafaffen ƙwai ke yi wa ciki ko halin yaro, amfani ne zalla.

Abinci mai kalsiyam. Ku tuna darasin Jos. Nono da kindirmo da aka tafasa madararsu, ƙananan kifi da ake ci har da ƙaya, miyar kuka, zogale, riɗi, kunun tamba. Ki dama furarki da nono sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ba da shawarar ƙwayar kalsiyam ga masu ciki a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi, domin tana rage haɗarin hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga. Idan an ba ki, ki raba lokacin shanta da na maganin ƙarin jini, kada ki haɗa su lokaci guda.

Awo. Ana so mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, farawa tun watanni ukun farko. A can ne ake ba da abubuwan da aka riga aka tabbatar suna kare ƙwaƙwalwa da jikin jariri: maganin ƙarin jini da folik asid, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da gidan sauro. A gida kuma ki yi girki da gishiri mai aidin, domin ƙarancin aidin lokacin ciki sananne ne wajen dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Waɗannan su ne uwar tafiya. Kada hayaniyar sabuwar kwalba ta sa mu manta da su.

Idan yaron ya riga ya zo da ƙiriniya

Wannan sashe na ƙanwata ne mai neman rance, da duk wadda ta taɓa kwana tana zargin kanta.

Halin yaro igiya ce mai tufka da yawa. Larurar rashin natsuwa tana bin jini sosai, sau da yawa in an duba za a tarar uba ko kawu haka ya yi yarintarsa. Haihuwar bakwaini, wahalar haihuwa, da zazzaɓi mai tsanani da ya taɓa ƙwaƙwalwa duk suna da nasu kason. Babu likitan da zai dubi yaro ɗan shekara 8 ya ce ƙarancin bitamin D na uwarsa ne ya mai da shi haka.

Akwai kuma abubuwan da ake iya gyarawa yau. Yaron da ake cewa ba ya ji, wani lokaci da gaske kunnen ne ba ya ji sosai, musamman in ya sha fama da ciwon kunne. Wanda ba ya kallon allo, wataƙila idonsa ne. Yunwa, ƙarancin jini da rashin isasshen barci duk suna hana yaro natsuwa a aji. Gubar dalma ma tana lalata hankali da halin yara. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan da ake sarrafa duwatsun zinariya a cikin gida. Ana samun dalma a wasu nau'o'in kwalli, da tsofaffin baturan mota, don haka a nisanta yara da su.

Ki kai yaron asibiti a duba kunne, ido da jini. Ki zauna da malaminsa ku yi magana. Ki ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, ki yaba masa in ya yi daidai, ki sa masa lokacin barci. Duka ba ya maganin wannan larura, sai dai ya ƙara wa yaro tsoro da taurin kai.

Yadda muka ƙare

Da na gama bayani, ƙanwar tawa ta yi shiru, can ta ce: "Yaya, wato ba ni ce na yi masa ba?"

Na ce: "Babu wanda ke da hujjar cewa ke ce. Abin da ke hannunki yanzu shi ne ki kai shi a duba shi, ki kuma kula da wannan da ke tafe."

Ta janye maganar kwalba. Ta karɓi rance ƙarami, ta sayi kaji uku masu ƙwai, tana ci tana sayar da saura tana biya. Mu kuma muka yanke abu biyu. Na ɗaya, asusun taimakon juna zai riƙa biya wa mamba mai ciki kuɗin mota zuwa awo idan ta gaza. Na biyu, ba za a ba da rance don sayen maganin da aka ji a waya ba sai an nuna wa ma'aikacin lafiya ya duba. Taronmu ma mun matso da tabarma daga cikin rumfa zuwa bakinta, mai son rana ta zauna a rana, mai son inuwa ta koma ciki.

Tambayoyin tattaunawa a taro

1. A makon da ya wuce, sau nawa rana ta taɓa damtsenki ko ƙwaurinki kai tsaye? Me ya hana?

2. Wace mamba ce gidanta ba shi da fili, kuma wa za ta iya buɗe mata tsakar gidanta?

3. Wane abinci mai kalsiyam ne ya fi araha a kasuwarmu a wannan lokaci? Za mu iya haɗa kuɗi mu saro shi mu raba?

4. Wane abinci ake hana mai ciki a gidajenmu, kuma wa ya kamata mu zauna da shi a kan haka, miji ko uwar miji?

5. Idan wani saƙo ya sake zuwa yana tallar magani, wa za mu tambaya kafin mu taɓa akwati?